Waya Ɗaya, Gida Biyar

A ɗakin kwamfuta na jami'a a Kalgo suka haɗu. Wata ƙungiyar makiyaya ta ba su aikin rajistar rigakafin shanu. Jidda za ta rubuta manhajar waya, Kamal zai riƙe sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan. Tun ranar suka zauna tsara abin da waya za ta aika, da abin da sabar za ta mayar.

"Suna, yawan shanu, lambar waya," in ji Kamal. "Da lambar za mu bambanta mutane."

Jidda shi take kallo, ba allo ba. Ta ce to.

Bayan wata huɗu ya tura mata saƙo: "Jiddata, zan turo manyana Gwandu. Ki sanar da Baffa."

Ta amsa: "Na sanar da shi, masoyi. Ya ce a'a."

Ashe Baffan, wato mahaifinta Malam Bawa, ya je rajista ranar kasuwa. Waya ɗaya ce a rugarsu ta Gwandu, gida biyar ke amfani da ita, kuma ƙanensa ya riga ya shigar da lambar. Sabar ta mayar da kalma ɗaya: kuskure. Masu allura suka tsallake shanunsa arba'in.

"Yaron da na'urarsa ba ta san da ni ba, shi zan ba 'yata?" in ji shi. "Ga Ɗalha ɗan ƙanena, kowace saniya ya san sunanta."

Washegari Jidda da Kamal suka sake zama.

"Na san wayar ɗaya ce," in ji Jidda. "Ban faɗa ba."

"Me ya hana ki?"

"Kai ka hana ni, kallonka ya ɗauke mini hankali. Rubuta kawai."

Suka sake tsarin. Waya ta aika suna, sunan uba, ruga da sunan arɗo. Lamba sai in akwai. Sabar kuma ko ta karɓa, ko ta faɗi dalilin ƙi da Hausa.

Kamal ya ɗauko mai allura a babur har ruga. Ya durƙusa, ya gaida Malam Bawa, ya shigar da sunan tsohon a gabansa.

"Shanu arba'in, Baffa?"

"Da ɗaya. Wata ta haihu kana can kana gyara."

Kamal ya gyara. Sabar ta karɓa. Tsohon ya sa aka karanta masa amsar sau biyu.

"Ɗalha bai taɓa kawo mini mai allura ba," ya ce. "Ka turo manyanka ran Juma'a."

Bayan girbi aka ɗaura auren a Gwandu. Malam Bawa ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Ruga duka ta ce amin.