Tabo a Ƙyallen Lambar Vienne

Masanin da aka ɗauko daga Paris ya kashe wutar ɗakin, ya kunna 'yar tocila mai shuɗin haske, ya haska lambar. Nan take ƙyallen da take rataye a jikinsa, ja da fari, ya ɗau walƙiya.

"Jabu ce," in ji shi. "Ƙyallen da ya kusa shekara ɗari ba ya walƙiya a wannan hasken. Kuma babu hatimin maƙerar Vienne, babban birnin Austriya, a gefenta."

Lambar zinare ce ta jarumtar sojan Austriya, tun ta yaƙin duniya na farko, kuma ita ce abin alfaharin wani tsohon Bature, Monsieur Perrin, mai tara lambobin sojan Jamus da Austriya a gidansa na Lyon. Kafin azahar 'yan sanda sun tasa ƙeyar Ilya.

Ilya ɗan Maraɗi ne, yana digirin digirgir a tarihi. Shi ke ɗaukar hotunan lambobin yana goge akwatunan gilashi, kuma ban da mai gida shi kaɗai ke da mabuɗi. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa. In kotu ta same shi da sata, to kurkuku ne, daga nan sai jirgin Yamai, karatu ya tashi a banza.

Binciken ya faɗa hannun Laftanar Hassia, haifaffiyar Damagaram da ta girma a unguwar Guillotière ta Lyon. Mace ce marar son surutu. Ta fara da mai gida, ta ga ciwon rawar jiki ya cinye shi har ba ya iya ɓalle maɓallin riga, ga shi kuma da kansa ya kira masanin. Ta cire shi daga zargi. Matar da ke shara ta tafi hutu Oran tun kafin a ɗauki hoton lambar na ƙarshe, kuma a hoton hatimin na nan raɗau. Ita ma ta fita.

Sai ta sa ƙyallen a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. An rina shi don ya yi kama da tsoho. Masanin ya ce 'yan jabu da shayi ko kofi suke yi, amma wannan launin ja-ja bai san shi ba. Hassia kuwa ta san shi sarai, haka bakin zanen kakarta yake. Ga kuma 'yan ɓarɓashi maƙale a cikin saƙar.

Ta shiga ɗakin tambayoyi, ta ajiye Faransanci.

"Ilya, kana cin goro?"

Ya zabura da ya ji Hausa. "A'a, madam. Hana mani barci shi kai."

"Wa ya shiga ɗakin médailles, lambobin nan?"

"Ba kowa."

"Ban ce wane baƙo ba. Na ce wa."

Ta ja kujera kusa da shi.

"Gobe garde à vue ɗinka, tsarewar da muka yi maka, za ta ƙare, in kai ka gaban procureur, mai gabatar da ƙara. Daga nan ba ni da iko. Wa kake rufa ma asiri?"

"Kawuna ne," ya ce. "Alhaji Soumaïla, wan innata. Shi ya kawo ni Faransa, shi ya samo mani aikin ga. Ya zo daga Paris ya gan ni, la'asar ta yi, ya ce in ba shi wuri ya yi salla."

"Ka bar shi shi kaɗai?"

"Madam, ƙaƙa zan tsaya bisa kan kawuna yana salla? Na ja ƙofa na hita."

"Akwatin?"

"Buɗe yake. Ina cikin shara tai."

Washegari da hantsi ta sauka Montreuil, gefen Paris, da 'yan sanda biyu na Paris. Alhaji Soumaïla, ma'aikacin wata hukumar ƙasa da ƙasa ne, dattijo mai fara'a. Bangon falonsa cike yake da baƙaƙen lambobin Jamus masu siffar giciye. Ya ja gaisuwa har da tambayar mutanen Damagaram, sannan ya ɗauko faranti. Jan goro ne, da ɗan magogi a gefe, don haƙoransa sun daina iya fasawa.

"Bismilla, ɗiyata."

Hassia ba ta taɓa ba. "Alhaji, da wanga magogi ka goga wanda ka rina ƙyallen?"

Fara'ar ta ɗauke ɗif. Hassia ta yi masa bayani a tsanake. Wanda ya yi musanyar ya san lambobi, don ya sayo jabu mai kama da ta gaskiya har da ninkin ƙyalle mai kusurwa uku irin na Austriya. Ya ga farin ya cika sabunta, sai ya tsufar da shi da abin da ya saba gani yana ɓata farar riga. Bature ba zai tuna da goro ba. Ilya ba ya ci. Kuma mai tauna goro ba ya barin ɓarɓashi iri ɗaya haka, sai mai gogawa.

An sami lambar a aljihun wata babbar riga cikin kabad.

"Shekara da shekaru nike nemanta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka tsohon zai mutu bai lura ba."

"Da aka kama ɗan ƙanwarka, an kira ka. Mi ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ran nan cewa ya yi a yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a.

Da yamma aka miƙa wa Ilya takardar shaida mai sunan kawunsa. Ya daɗe yana kallonta, hawaye na ɗiga, sannan ya sa hannu, don ba shi da wata ƙofar fita. Aka mayar masa da ɗamararsa da wayarsa. Yana taka bakin titi wayar ta yi ƙara, lambar Maraɗi.

"Ilya, kwana biyu shiru, hankalina ya tashi," in ji innarsa. "Amma na ce ba komi, tunda kawunka na nan kusa."