Mangazar Chindo

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ku ji yadda ta kaya da Chindo, shugaban ƙungiyar manoman wake ta Tsarnawa.

Ƙa'idar ƙungiyar ɗaya ce: bayan kaka a wangale mangaza, wato ɗakin ajiyar amfani, da rana tsaka, kowa ya ga amfanin da aka tara da idonsa. Chindo kuwa, motocin simintin Malbaza da ke wucewa sun hana zuciyarsa sakat. Sai ya nufi dajin Tajaye wurin boka Mato.

Ya same shi a gindin wata busasshiyar tsamiya. Ga tukunya a kife, jini ya daskare a kanta, ƙudaje sun yi mata baƙi.

"Mi kaka biɗa?" in ji boka.

"Dukiya nika so."

"Aje tukunyar ga cikin mangaza. Komi ka kwasa, cika takai. Amma idon da duk yag ga cikin mangazar, ban da naka, nau ne."

"Mangazar ta jama'a ta, ranka shi daɗe. Buɗe ta akai."

"Kai ka san wagga."

Wawan ya ɗauka magana ce ta kwaɗo da makulli, ya amsa, ya kai tukunyar mangaza.

Ya yi ta kwasar wake yana sayarwa Konni, mangaza ba ta raguwa. Ya sayi mota, ya yi gidan siminti. Lokacin taro ya zo, ya ce makulli ya ɓata. Wata shekarar ya ce an sa magani saboda ƙwari. Ya rufe bakunan dattawa da goro da riguna.

Ran nan matarsa Tabawa ta kai masa fura mangaza, ta tarar da ƙofa a sakaye, ta leƙa. Tun daga ranar take yawo kasuwa ba zane. Ƙanensa Tanimun, ma'ajin ƙungiya, ya ce haƙƙinsa ne ya duba, ya fizge makulli. Kafin la'asar an yi masa sutura.

Sai shekarar fari ta zo. Gari duka ya taru a ƙofar mangaza, mata da goyo, maza da gatura.

"Chindo, wakenmu ne," in ji tsoho Alkasum. "Buɗe mu gani, ko mu hwasa."

Tsoro ya kama shi. In ya buɗe, gari ya ƙare. In ya ƙi, za su fasa. Ya kutsa ciki, ya danna sakata, yana kuka: "Don Allah kak ku duba! Tabawa leƙe ɗai tay yi!"

Jin haka, maza suka sauke gaturansu ƙasa. Ba wanda ya sake matsawa. Suna jin muryarsa tana raguwa har ta ɗauke, suka watse da yunwarsu. Chindo bai sake fitowa ba.

To, kai mai riƙon kayan jama'a, ka ji tsoron Allah ka bar kwaɗayi. Ran da ka fara jin nauyin buɗe ƙofa, ka riga ka rufe kanka a ciki.