Bille a Kuncin Dama

Insfekta Issahaku bai gama zama a kujerarsa ba, sai ga Tica Gariba ya faɗo ofishin 'yan sanda na Salaga, ba hula, ba tabarau, yana haki.

"Insfekta, an kashe ni! Fasfona!"

A shekarar 1989 babu wanda bai san labarin fasfon nan ba a Salaga. Tica Gariba malamin tarihi ne a makarantar midil. Wani Bature ɗan Italiya, Paolo, ya zo haƙa rijiyoyin burtsatse, Tica ya zagaya da shi tsofaffin rijiyoyin gari da wurin da aka yi kasuwar bayi. Baturen ya ce shi ma sai ya rama alheri. Ya gayyace shi ƙasarsu, biza ta fito, aka tsara za su bi tsofaffin garuruwan Italiya a ƙaramar motarsa.

Tun daga ranar Tica ya hana kowa sakat. Mai shayi ya san daga Verona za a fara. Mai nama ya san a Siena za a kwana. Hatta liman an tare shi bayan la'asar an tambaye shi ko a bi Assisi a tafiya ko a dawowa. Ga shi jirgi zai tashi daga Akra ranar Asabar, in ya wuce kuwa biza ta tashi a banza.

A ɗakin Tica, Insfekta ya duba akwatin da ake ajiye fasfon. Ba a fasa kwaɗo ba. Rediyo na nan, agogo na nan.

"Ban da fasfo me aka ɗauka?"

"Hulata da tabarauna."

"Ɓarawon da ya bar rediyo ya ɗauki tabarau? Wa ya san inda kake ajiye makulli?"

"Ni da ƙanena Sumani, tela. Amma ka cire shi, Insfekta. Nono ɗaya muka sha."

Insfekta ya zagaya ɗakin. Ya tsaya gaban hoton salla da ke jikin bango. 'Yan'uwan biyu ne, tsayi ɗaya, doguwar fuska ɗaya. Abin da ya raba su bille ne a kuncin Tica na hagu, wanda aka yi masa yana jariri lokacin da ya yi ciwo. Ya ciro hoton ya sa a aljihu.

Amamatu matar Sumani tana tankaɗe a tsakar gida. Insfekta ya tambaye ta ina mijinta, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ya tafi jana'iza Kpembe."

"Allah ya jiƙan rai. Wa ya rasu?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Insfekta ya leƙa shagon Sumani da ke zaure, ya ga wayam, sai sawun ƙafafun keke a ƙasa.

"Da keken ɗinki ake zuwa jana'iza a gidanku?"

Rariya ta suɓuce mata. "Ya sayar da shi. Wallahi ban san komai ba. Ya ce zai koma Yendi wajen Awudu wanzami ya duba masa marurun da ya tsaga masa a kunci. An jima yana yawo da filasta."

Tica ya nace sai an tafi da shi. Tun daga Salaga har Yendi, Landirobar 'yan sanda na ta faɗawa ramuka, shi kuwa bakinsa bai huta ba: dandalin Siena da aka shimfiɗa da jan bulo, tsohon filin wasa na Verona da har yau ake taruwa a ciki. Insfekta ya ƙyale shi. Ya gane surutun ne ke hana mutumin tunanin abin da ba ya so ya tuna.

Awudu wanzami yana wasa aska a bakin kasuwar Yendi. Insfekta ya miƙa masa hoton sallar, ya duba sama-sama.

"Ban taɓa ganin su ba."

"To, madalla. Matar wannan ta ce kai ka tsaga masa maruru, kuma wurin ya ruɓe."

Tsoho ya zabura. "Wane maruru? Bille na yi masa! Kuma aikina bai taɓa ruɓa ba, je ka tambaya har Gushegu!"

"Ashe ka san shi."

Awudu ya yi tsaki, ya ajiye aska. "Ƙaton mutum da gemunsa ya zo wai a yi masa bille. Ya fito da wani ɗan hoto ya riƙe kusa da madubi, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ɗora yatsa a kuncinsa ya ce nan. Ni ina ruwana? Jiya ya dawo na cire filasta, na rage masa gemu, ya tambaye ni inda ake shiga motar Bawku."

"Kusa da madubi ya riƙe hoton?"

"Haka na ce."

Insfekta ya yi ɗan murmushi. Tica kuwa ya nemi benci ya zauna.

Suka kwana a Gambaga, hantsi ya yi musu a Bawku. A tashar motocin kan iyaka, tsakanin buhunan albasa da masu jan awaki, wani mutum na zaune da hula da tabarau, ya rungume jaka. Insfekta ya ce wa Tica ya jira a mota.

"Sannu, maigida. Ina aka nufa?"

"Wagadugu. Daga can in hau jirgi zuwa Italiya."

"Sunanka?"

"Gariba Mahama, malamin makaranta."

"Me za a yi a Italiya?"

"Yawon buɗe ido. Mu fara da Verona, mu kwana a Siena, mu biyo ta Assisi." Ko gargada babu. Ai dole, ya sha ji har ya haddace.

Insfekta ya karɓi fasfo, ya buɗe, ya dubi hoto, ya dubi mutumin.

"Taɓa min billenka."

Ya ɗaga hannu ya taɓa kuncin dama.

"Na mai fasfon nan a hagu yake, Sumani. Madubi ya cuce ka. Shi juya mutum yake yi, hoto ba ya juyawa."

Sumani ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ga yayansa tsaye a bayan Insfekta. Suka yi cirko-cirko fuska da fuska, bille na kallon bille, kamar mutum da madubinsa. 'Yan tasha suka fara taruwa.

"Me ya sa?" in ji Tica.

Sumani ya cire tabarau ya miƙa masa. "Ni na ɗauka, Yaya. Kai za ka je ka kalli tsofaffin duwatsu ka dawo. Ni gonar tumatir zan je in yi aiki a can. Kullum kana gaya min inda za ka kwana a Siena, ni ina tunanin abin da yarana za su ci. Ko sau ɗaya ba ka ce wa Baturen nan kana da ƙane ba."

Wallahi maganar nan ta yi wa Tica ciwo fiye da satar.

Insfekta ya sa wa Sumani ankwa, ya tura shi bayan Landiroba. Ya miƙa wa Tica fasfonsa.

"In ka kama motar Tamale yanzu, za ka riski jirginka."

Tica ya daɗe yana kallon motar Tamale. Sannan ya sa fasfon a aljihu, ya hau bayan Landiroba ya zauna kusa da ƙanensa. Har suka isa Salaga, Insfekta bai ƙara jin sunan Siena ba.