Ajiyar Zuciyar Dogara

Ranar da Dogara ya zo gaida mahaifiyar Irene a Kafanchan, Mama Joanna ta share falo tas, ta dafa masa shayin citta. Dogara malamin firamare ne a Samaru Kataf, ga kunya kamar amarya. Yana zama zuciyarsa ta soma halinta. Likita ya daɗe da gaya masa bugunta ba ya tafiya daidai, takan yi gudu, ta yi tuntuɓe, ta sake zabura, fargaba kuma na ƙara mata wuta. Kullum yana shan magani, an kuma koya masa in tsoro ya taso ya ja iska ta hanci a hankali har cikinsa ya cika, ya sake ta ta baki kamar mai hura kunu. Haka ya yi ta yi, kansa a ƙasa, shayin ya huce bai taɓa ba.

Yana fita Mama ta ce, "Wannan yaro ba ya son ki. Na tambaye shi iyayensa, ya yi ajiyar zuciya. Na ce yaushe za su zo, ya yi wani. Aure yake nema ko police station aka kawo shi?"

Irene ta yi dariya, ta fayyace mata komai, wai don ta wanke shi. Garin neman gira ta rasa ido. Ta manta zuciya ce ta kayar da babanta a gonar citta, bai sake tashi ba.

"Na binne guda," in ji Mama. "Ba zan zauna in ga kin sa baƙin kaya kamar ni ba. Maganan nan ya ƙare."

Fasto ya zo, Kawu Asher ya zo, 'yan zumuntar mata sun yi addu'a har muryarsu ta dushe, Mama ko gezau. Irene ta yi kuka, ta rame. Dogara bai ce ta bijire ba, ya ce uwa uwa ce, shi ma ba zai iya rantsewa zai ga tsufa ba. Wannan magana ta fi ta Mama yi mata ciwo. Damina ta wuce, aka tone citta, har Irene ta daina ambaton sunansa a gidan.

Wata rana suna yankan citta a tsakar gida aka kawo labarin wani maƙwabci ya faɗi a gona. Wuƙa ta suɓuce wa Mama, ƙirjinta ya ɗaure, numfashi ya gagara. Irene ta durƙusa ta kama hannunta, ta ce ta ja ta hanci, ta saki ta baki, kada ta yi sauri. Suka yi ta yi tare har numfashin Mama ya daidaita.

Mama ta tambaya wa ya koya mata. Irene ta faɗi sunan.

Tsohuwar ta ce, "Ashe ba ajiye zuciya yake yi ba. Riƙewa yake yi."

Ba ta ce ta yarda ba, har yau ma ba ta ce ba, ciwon Dogara kuma yana nan inda yake. Haƙuri ba ya gyara bugun zuciya, iyakarsa ya hana tsoro yanke wa mutum hukunci. Mama ta ɗauki wuƙarta, ba ta ɗago kai ba.

"Ki gaya mishi ya zo ranan Lahadi bayan church. Bai sha shayinsa ba."