Tagar da Auta Ba Ta Rufe Ba

Ran nan, rana ta kusa faɗuwa, Auta ta ce in sa takalmina in raka ta ofis. Ba rakiyar take so ba. Tun da na fara fita in kasa gane hanyar gida, ba ta barina ni kaɗai. Ita ke riƙe min sunayen jikokina, da lokacin magani, da yadda muryar mahaifiyarta take. Na karantar da mutane da yawa a rayuwata, amma yanzu abin da na sani game da kaina yana wajen Auta.

Aikinta rubuta manhaja. Ta haɗa wani tarin umarni da masu sana'arta ke aro, su ce masa laburare, ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki. Shi ke raba baƙin allon kwamfuta, irin mai rubutu zalla, zuwa tagogi. Wata taga kan wata. In ka rufe ta sama, sai ya sake zana abin da ta rufe.

"To me ya lalace?" na tambaye ta a mota. Ina jin na tambaya fiye da sau ɗaya.

"Abba, mutane ne ke ƙorafi. Wai wata taga na fitowa da kanta. In ta tafi, abin da ke ƙarƙashinta ba ya dawowa."

Ofishin babu kowa. Ƙamshin sabulun goge ƙasa, da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Ta zaunar da ni a kujera mai taya kusa da ita, ta karɓi sandata ta jingina da tebur.

"Kada ka tuƙa ta zuwa wani gari," ta ce.

"Ko na je ai ba zan tuna ba."

Ta yi dariya. Ina so a rubuta cewa ta yi dariya.

Ta daɗe tana danne-danne. Hasken waje ya koma ja, sannan toka-toka. Can ta ce, "Au. Ga ta." Wata taga ce da ta buɗe tun farkon aikin don gwaji, ba faɗi, ba tsawo, ta manta ba ta rufe ba. Shekara da shekaru tana can ƙasan sauran.

Mun karanta cewa wurin da aka bari a buɗe, ba kowa ciki, ba ya daɗewa ba kowa.

"Auta, bar ta sai da safe."

"Layi ɗaya ne, Abba."

Ta danna.

Ƙugin na'urar ya tsaya. Wani wari ya taso, kamar na tsohuwar rijiya.

A tsakiyar allon wani ɗan murabba'i ya bayyana. Allon baƙi ne, amma shi ya fi shi baƙi. Ɗan farin ɗigon nan mai ƙyaftawa, wanda ke nuna inda rubutu zai sauka, ya bar inda yake ya koma ciki.

Ta danna rufewa. Bai rufu ba.

"Ba ni ke rubutun nan ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

Hannayenta na kan cinyarta. Madannan suna sauka da kansu. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Murabba'in ya faɗaɗa. Ya ci tagar dama. Ya ci ta hagu. Ya kai bakin allon.

Bai tsaya ba.

Ya zubo kan tebur, gefensa a miƙe kamar an ja da rula. Kofin shayinta ya shige. Ya hau hannun kujerata. Sanyi ya kama gwiwata.

Na buɗe baki in yi addu'a. Addu'ar da na koya wa ɗaruruwa. Farkonta ya zo, sauran bai zo ba.

"Abba!"

Ta miƙo hannu. Duhun ya ratsa tsakaninmu, ya rufe ni. Ina jin numfashi a bayan kunnena, a hankali, kamar na mai karatu.

Na lalubo sandata. Na kai duka ƙarƙashin tebur, na sake kaiwa. Na ji wayar wutar kwamfutar ta fizge daga bango.

Haske ya dawo. Kofin na nan. Auta na nan.

Ta dube ni, ta gyara mayafinta.

"Sannu, dattijo. Wa ya kawo ka nan?"

Ta san mijinta, ta san 'ya'yanta, ta san aikinta. Ni kaɗai ta manta. Mijin ya nuna mata hotuna, ya rantse ni ne mahaifinta. Ta ce to, ta yi kuka don ta ga yana kuka. Da safe sai a sake daga farko. Likitoci sun duba, malamai sun yi nasu. An cire layin daga laburaren, amma tsohon laburaren yana hannun mutane da yawa, ba a san iyakarsu ba.

Tana kyautata min, yarinya ce mai tarbiyya. Da yamma takan kawo min shayi ta zauna nesa kaɗan.

"Dattijo, har yanzu 'yarka ba ta zo ɗaukarka ba?"

"Tana hanya," nakan ce.

Sai mu zuba wa ƙofa ido tare. Kwanan nan, wasu ranakun, ni ma nakan so in tambaye ta wa muke jira.