Gwangwanin da Ba a Wanke Ba

Ruwa ake tsugawa irin na Yawunde, wanda ke mai da jar ƙasar unguwar Briqueterie kamar kunu, amma Fanta tana durƙushe a tsakar gida ba ko mayafi, bayanta duk shatar bulala. Goggo Aisatu na tsaye a kanta tana haki. "Faɗi gaskiya, 'yar baƙin ciki! Me Murja ta tare miki da za ki ba ta guba?" Yarinyar ta ɗago, haƙoranta na kaɗawa saboda sanyi. "Wallahi Goggo ban zuba mata komai ba... Allah shi ne shaidata." Karimatu, uwar Murja, tana raɓe a ƙofar madafa da zanin da ta dawo ɗauka za ta kai asibitin da Murja ke kwance. Tana ji, tana gani, kuma ta san yarinyar nan ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Amma bakinta ya ƙi buɗuwa.

Fanta marainiya ce 'yar shekara goma sha uku, ɗiyar wan Mijinyawa tela, mijin Karimatu. Tun da iyayenta suka rasu a hatsarin mota take gidan. Sana'ar Karimatu gasa gato ce, wato kek, na suna da biki. A gwangwanayen sardin take zuba kwaɓin, ta jera su a babbar tukunya bisa yashi, ta ɗora garwashi a kan murfi. 'Ya'yanta biyu, Hadija da ƙanwarta Murja mai shekara huɗu, ba abin da suke so kamar ranar gashi, kuma in ba don Fanta ba da madafar nan ta zama juji. Ita ke wanke musu hannu kafin su taɓa fulawa, ita ke shimfiɗa buhu a ƙasa don abin da zai zube, ta ba Hadija kwanon tara ɓawon ƙwai, ta ba Murja ɗan tsummanta na goge faranti. Gwangwani kuwa ba ya ganin kwaɓi sai ya sha ruwan zafi da sabulu, an kife shi ya bushe. Karimatu takan yi mata dariya, wai Madam Tsafta. Ita dai a gama a kai wa masu shi, shara ta jira gobe.

Goggo Aisatu, ƙanwar mahaifin Karimatu da ta zo kwana biyu ta shekara, ita ce ta kwaɓa maganin ɓera da fulawa a wani gwangwanin sardin ta tura shi bayan randar madafa. Fanta ta roƙe ta a fitar da shi, tunda yara na shiga. Amsar da ta samu mari ne.

Ranar da abin ya faru gaton suna ake yi, kuma an makara. Ƙwai ya ƙare, Karimatu ta aiki Fanta kasuwar Mokolo. Kafin a ce me, madafa ta hargitse, fulawa a ƙasa, ɓawon ƙwai a ƙarƙashin ƙafa, yara sun yi fari fat har gashin ido. Da aka cika gwangwanaye sai ɗan kwaɓi ya rage, Murja ta shiga kukan a yi mata nata. Ta rarrafa bayan randa ta fito da gwangwani tana murna. Karimatu ta ga ɗan farin gari a ciki, ta ɗauka fulawar da ta zube ce. Ruwan zafi yana nan a kan wuta, taku biyu ne tsakaninsu... amma sai ta kaɗe gwangwanin, ta goge da bakin zaninta, ta zuba kwaɓi. Fanta ta dawo daidai lokacin da aka sauke tukunya, ita ce ma ta fifita ɗan gaton ya huce ta miƙa wa Murja.

Kafin la'asar yarinya ta fara amai, idanunta suka kafe. Da likita ya ce maganin ɓera ne, Karimatu ta tuna farin garin nan na cikin gwangwani. Goggo ta ja ta gefe ta damƙe mata hannu. "Ki kama bakinki. In Mijinyawa ya ji, aurenki ya mutu, ni ma na shiga uku. Kowa ya ga wadda ta miƙa mata. Marainiya ce, wa zai tsaya mata?" Karimatu ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba, shirun nan nata shi ne ya gama da Fanta.

Allah ya yi Murja na da sauran kwana, bayan mako guda aka sallamo ta. Amma Fanta ta shiga uku. Aka hana ta shiga madafa, aka ware mata kwano kamar mai cuta. In ta je famfo matan unguwa su janye bokitansu, yara su bi ta suna mai guba, mai guba. Baffanta Mijinyawa da ke ce mata uwata ya daina amsa gaisuwarta. Murja na kukan a kai ta wurin Adda Fanta, ana janye ta. Ita kuwa Karimatu ta daina cin abinci. Ta tsaya salla ta rasa raka'a nawa ta yi. Ta shiga madafa ta ga ƙuda na bin kwanukan jiya, sai ta zauna ta yi ta kuka tana cewa, "Ya Allah, na zalunci marainiya, ka ba ni ƙarfin faɗa..." Da ta ji takun mijinta kuma sai ta share ido. Ta tsani kanta, tsana mai tsanani, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

Daga ƙarshe Mijinyawa ya yanke hukunci. Za a sa Fanta a jirgin ƙasan nan da bai daɗe da fara kaiwa Ngaundare ba, a kai ta wurin wata dangin uwarta da ba ta taɓa gani ba.

Da safiyar tafiya Fanta ta zo ƙofar madafa da ɗan ƙullin kayanta, ta durƙusa daga waje. "Inna, na zo sallama. Ki yafe mini abin da na yi miki." Karimatu ta kasa kallonta. Yarinyar ta rage murya. "Alfarma ɗaya nake nema. In za ku yi gato, a wanke wa Murja hannu, tana tsotsar yatsa. Kuma a bar ajiye maganin nan a bayan randa. Ranar da abin ya faru, da na shiga shara na ga gwangwanin ba ya wurin, na ƙirga na gashi na ga ɗaya ya ƙaru."

Karimatu ta dafa bango. "Ashe kin sani? Fanta, kin sani kika yi shiru ana dukanki?"

"Na ji tsoron Baffa ya sake ki ne, Inna. Na san yadda gida yake in babu uwa... ban so Hadija da Murja su sani ba."

Kukan da Karimatu ta fasa har maƙwabta sai da suka leƙo. Ta fita da gudu ta zube gaban mijinta a zaure. "Malam, ni ce! Ni ce na gasa a gwangwanin da ban wanke ba. Goggo ce ta ajiye maganin, ita ta ce in yi shiru. In za ka sake ni ka sake ni, amma yarinyar nan ba ta yi komai ba." Goggo ta taso da borin kunya tana rantse-rantse, sai dai matan da ta aika sayo maganin suna cikin masu leƙe, ɗaya ta ce ita ta kawo mata da hannunta.

Mijinyawa ya juya wurin Goggo. Ya ce, "Goggo, ki haɗa kayanki, yau za ki koma gidan ɗanki a unguwar Ekoudou, kada ki ƙara tako mini gida. Ke kuma Karimatu, ba zan sake ki ba, albarkacin wadda kika cuta. Amma za ki riƙe hannunta ki bi unguwar nan gida gida, har famfo, ki faɗi abin da kika faɗa mini." Karimatu ta ce ta yarda, ko sau goma ne. Goggo ta fita da akwatinta a ka, ba wanda ya ce mata a sauka lafiya.

Sannan ya juyo wurin Fanta, wadda har yanzu ke durƙushe rungume da ƙullinta, Murja ta riga ta maƙale mata a wuya. Ya yi niyyar neman gafara, hawaye suka hana shi. Yarinyar ta dube shi a tsorace.

"Baffa... ba zan tafi ba ke nan?"

Ya sunkuya ya karɓi ƙullin daga hannunta, ya kai shi ɗaki da kansa.