Ranar da Neda Ta Ga Shamuwa

"Ka faɗa wa Neda gaskiya, Kaloyan! Uwarta ta yi aure a Madrid, ba za ta dawo ba!"

Ralitsa ce ke magana a ƙofar makarantar renon yara inda take koyarwa. Saura wata biyu aurensu.

"Haba abar ƙaunata... yarinya 'yar shekara huɗu? Ce mata na yi ranar da ta ga shamuwa Mama za ta zo. Kafin nan ta manta."

Manta? Bai san 'yarsa ba ke nan. Bisa al'adar garin, kowa ya ɗaura zare ja da fari a hannu tun farkon Maris, sai ya ga shamuwar farko ya kwance ya rataya a reshe. Amma Neda ce kaɗai ke wuni fuskarta a sama.

Yarinyar da ta zo ajin Ralitsa tana cizon yara kamar mage! Shekara guda Ralitsa ta yi tana durƙusa mata: "Ba da haƙori ba, Neda. Faɗi da baki, me kike ji?"

Ranar Talata shamuwa ta sauka kan rufin coci. Neda ta rataya zarenta, ta sa jan takalminta, ta zauna a bakin ƙofa har tuffar hannunta ta yi baƙi. Ba Mama, ba labarinta.

Da kukan ya ishi Kaka Donka, mahaifiyar Kaloyan, wadda dama ba ta ƙaunar auren, sai ta ce, "Yi shiru, jikalle. Malamarki ce ta tare wa uwarki hanya, ɗakinta take so."

Kaloyan yana wurin. Miyarsa kawai ya ci gaba da sha.

Washegari shi ya kawo Neda makaranta, ya faɗa wa Ralitsa abin da aka ce, ya kasa haɗa ido da ita.

"Da na ƙaryata mahaifiyata, da ni yarinyar za ta tsana... ki gane mana."

Ralitsa ta zare zobensa ta miƙa masa, zuciyarta kamar ta fashe.

Sai ga Neda a gabanta, ta dunƙule hannu.

"Malama... ina jin haushi. Na tsane ki." Ta ja numfashi. "Kin gani? Ban cije ki ba."

Ta tsaya tana jiran yabo, kamar kullum.

Ralitsa ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Madalla, Neda. Kin faɗa da baki."